Allurar Baba Sittin

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa masu haƙa rijiyar burtsatse zuwa wuraren da kwalta ba ta san da zamansu ba, kuma a tsawon shekarun nan babu mahaluƙin da ya taɓa ganin allurar malejinsa ta haura sittin. Injiniya ya zauna a gefensa yana duba agogo yana tsaki, sittin. Hadari ya taso su a gaba, leburori a baya suna magiya, sittin. Abokan aiki suka laƙaba masa Sittin tun kansa yana baƙi wuluk, da furfura ta zo aka ƙara masa Baba, har jikokinsa suka taso suna zaton sunan da aka raɗa masa ke nan.

In an tambaye shi dalili, kai ko ba a tambaye shi ba, amsarsa ɗaya ce. "Jiki maƙaryaci ne. Ka yi awa biyu a hanya, tamanin sai ta koma maka kamar arba'in. Wanda ya biye wa jikinsa a rami zai kwana. Allura kuwa ba ta jin kunyar kowa, abin da ta gani shi take faɗa." Wannan karatu 'ya'yansa biyar sun haddace shi tun kafin su iya duba agogo.

Da ya yi ritaya, ma'aikatar ta yi gwanjon tsofaffin motocinta, ya fito da jif ɗin da ya ƙare aiki da ita, wadda tun a daji ake ce mata Ɓauna. Mota ce mai dogayen ƙafafu da faɗin goshi, fentinta ya koɗe har ba wanda zai iya rantsuwa a kan asalin launinsa. Ƙofar direba sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, duk wanda ya zauna a kai ban da shi sai ya tashi yana dafe ƙugu. A saman malejin kuwa ya ƙera wata 'yar rumfa ta gwangwani don kada rana ta hana shi ganin allura, ta yadda in ba kai ne a kan sitiyari ba, ba ka ganin komai sai gwangwani. A cikin wannan mota yake kai matarsa asibiti, ranar Asabar kuma ya nufi 'yar gonarsa ta lemo a bayan gari, tafiyar kilomita ashirin cif. Ba shi da wata sarauta a duniya da ta wuce makullin nan da ke rataye a ƙugunsa.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta fi maganar allura gallabar mutanen gidan: ba ya iya ganin abu ya yi saura bayan an gama haɗa na'ura. Abin ya samo asali tun yana sabon direba. Wani bakanike ya gyara musu ƙafar mota a wani ƙauye, ya gama, noti ɗaya ya rage a faranti. Ya tambaya, mutumin ya kaɗa hannu ya ce, "Safaya ne." Sun yi kilomita saba'in cikin daji taya ta fice, ta wuce su a guje suna kallonta har ta shige ciyawa, suka yi yini biyu suna takawa a ƙasa. Tun daga ranar kalmar safaya ta zame masa abokiyar gaba. Fankar ɗakinsa tana ɗauke da sukurori tara a inda kamfani ya huda ramuka shida. Da aka haɗa wa matarsa kabad ɗin kicin katako ɗaya ya rage, sai da ya nema masa gurbi, shi ya sa har yau ƙofar hagu ba ta buɗuwa. Matar ta daɗe da daina magana. In mai gyara ya zo gidan, sai ta tare shi a bakin ƙofa ta karɓe duk abin da ya rage ta cilla bayan katanga.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce. Shi yana ce mata Uwata, ƙannenta suna ce mata Yaya, kuma duk gidan babu mai ja da ita. Ita ce ta fara jero masa abin da kowa yake gani yana kawar da kai: shekara saba'in da huɗu, tabarau an canza sau uku, ƙyauren gida an goge shi da mota sau biyu a wata guda. Ta ce lokacin ajiye makulli ya yi. Ya ce ƙyauren ne ya karkace.

Ana cikin wannan ja-in-ja injin Ɓauna ya buga. Wata safiya ya tayar da ita, ta yi tari uku, wani abu ya yi ƙara a cikinta kamar an saki tukunya a siminti, shi ke nan ta yi shiru. 'Ya'yan suka riƙa zuwa jaje ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke, in sun fita ƙofar gida su tafa. Ya hango su ta taga. Washegari ya sa aka ja motar zuwa garejin Sifana.

Sifana bakanike ne mai faɗin ƙirji da tsadar magana, wanda ya shekara ashirin yana shiga ƙarƙashin Ɓauna. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe. Ya ce irin wannan inji an daina yin sa tun kafin shi ya yi aure, amma akwai na wata mota 'yar zamani da aka daka ta baya, injin lafiya lau, in Baba ya yarda a dasa.

Labari ya kai wa Yaya, ta zo da yamma ko kayan aiki ba ta cire ba.

"To Baba, tunda ka kafe, a dasa. Amma in an gama zan shiga gaba ka tuƙa ni da kanka. In na ga abin da bai kwanta min ba zan karɓi makullin, kuma ba za a yi zaman sulhu ba."

"Na yarda, Uwata," in ji shi yana murmushi. A ransa yana cewa yarinyar da ya goya a kujerar baya ce yau za ta yi masa jarrabawar tuƙi.

Mako uku aka yi ana dashe, kuma mako ukun nan kullum Baba Sittin yana garejin da kujerarsa ta roba, yana sa ido a kan farantin noti. Ranar da aka tayar da sabon injin bai ji daɗi ba ko kaɗan. Tsohon in ya tashi har maƙwabta sai sun san an tashi, wannan kuwa sai ka kasa kunne.

"Wannan inji munafuki ne," ya ce. "Ba ka jin abin da ke cikinsa."

Sai kuma wata matsala ta ɓullo. Mota tana tafiya sumul, amma da an taka burki za a tsaya sai injin ya mutu. Sifana ya goge hannu ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a tarihin zamansu.

"Baba, wannan injin yana da ƙwaƙwalwa. Tsohon naka ba ruwansa, ka ba shi mai ya sha ya yi ihu. Wannan sai an riƙa gaya masa irin gudun da mota take yi. In bai sani ba, ka taka burki sai ya ruɗe ya mutu."

"To allura ta gaya masa mana."

"Ai allurarka da kebul take aiki, giya ce take murza shi. Shi kuma injin ba ya jin wannan yaren. Sensa za mu sa, mu canza malejin."

Sensan wani ɗan abu ne da bai wuce babban yatsa ba, da waya a gindinsa. Sifana ya ɗaure shi a ƙarƙashin mota yana fuskantar farfela, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke juya tayoyin baya. A jikin farfelar ya liƙa maganaɗisu biyu, 'yan mitsi-mitsi kamar maɓallin riga, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Duk sanda ɗaya ya gifta sai sensa ya ƙirga, in ya ƙirga biyu ya san farfela ta yi zagaye ɗaya. Da wannan ƙidaya inji yake sanin gudu, da ita kuma sabon malejin da aka zura a ramin tsohon yake motsa allurarsa. Sifana ya fita gwaji ya auna da wayarsa, allura ta ce sittin, waya ta ce sittin. Inji ya daina mutuwa. Baba ya mayar da rumfar gwangwaninsa da hannunsa.

Da za a rabu, Sifana ya miƙa masa makulli haɗe da wata 'yar leda.

"Huɗu suke zuwa a kwali. Waɗannan biyun ka ajiye."

"Na mene ne?"

Shekara ashirin Sifana ya san mutumin nan, ya san labarin tayar da ta shige ciyawa har ya gaji da jin sa. Amma ranar a gajiye yake, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Safaya ne, Baba."

Baba Sittin ya karɓa. Ya yi godiya, ya zura ledar a aljihu, ya lallaɓa gida cikin cunkoso.

Da gari ya waye ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin Ɓauna da gam da zaren ɗinkin matarsa. Kuma a nan dole a ba shi haƙƙinsa, mutumin ba ya aikin ha'inci. Ya zagaya farfelar da zare, ya ninka, ya sake ninkawa, ya sa alama a tsakiyar tsakiya. Ya lura kowane maganaɗisu yana da ɗigon ja a fuska ɗaya, ya dubi yadda Sifana ya juya nasa ya kwaikwaya. Da a ce ya yi aikin a karkace, da allura ta riƙa tsalle an gane da wuri. To bai yi ba. Ya jera su huɗu reras, tazara ɗaya, ta yadda duk zagaye ɗaya sensa zai ɗauka zagaye biyu aka yi, allura kuma ta faɗi ninkin gaskiya ba tare da ko rawar jiki ba.

Matarsa ta fito da bokiti ta ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Me kuma aka ƙara yau?"

"Gyara nake."

"Allah ya kyauta," in ji ta, ta wuce abinta.

Ranar Asabar ya kama hanyar gona. Yana sa giya ta biyu allura ta kai arba'in, yana sa ta uku ta dire a kan sittin. Ya gyaɗa kai ya ce lallai an yi inji. Jikinsa dai ya raɗa masa cewa tafiyar nan kamar ba ta sauri, ya ce da jikin ya yi masa shiru, ba yau ya fara ƙarya ba. Da can kunnensa yakan taya shi, to sabon injin ba ya magana. Ya gwada giya ta huɗu mota ta hau kakkarwa, sai ya yanke hukunci cewa injinan zamani a ta uku suke yin sittin. Motoci suka riƙa danna masa ham suna wucewa, wasu direbobin har da leƙowa suna nuna shi da hannu. Ya bi su da kallon tausayi, yana mamakin yadda mutane suka lalace da gudu cikin 'yan makonnin da ya yi ba ya hawa titi.

Gonar da yake zuwa a minti ashirin, ranar sai da ya ci arba'in. Wannan ya ɗan taɓa shi. Ya duba lambobin da ke ƙirga nisan tafiya a ƙasan allura, ya ga sun ce kilomita arba'in. Ya zaro biro ya yi lissafi a tafin hannu: kilomita arba'in a gudun sittin, minti arba'in. Komai ya yi daidai, ko ɗigo bai kuskure ba. Saura tambaya ɗaya, yadda aka yi gona ta ƙara nisa, ita ma bai sha wahalar amsa ta ba, don ya tuna bara masu aikin hanya sun yi wata kwana a wajen gada.

"Sun ƙara wa hanyar nan kilomita ashirin ba su gaya wa kowa ba," ya shaida wa maƙwabta da yamma. Ya kuma ba su albishir cewa sabon injin ba ya shan mai, man da yake kai shi ashirin da, yanzu arba'in yake kai shi.

Haka aka yi mako uku. Matarsa ta gane akwai abin da ke faruwa tun ranar farko, amma ta ja bakinta ta tsuke, don tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin daɗin mota irin na wannan lokaci ba. Har saƙa take yi a hanyar asibiti. Mutanen unguwa ne ba su iya yin shiru ba. Wata maƙwabciya ta kira Yaya a waya ta ce, "Babanku lafiya kuwa? Na gan shi a babban titi, na ɗauka janyo motar ake yi, na duba ban ga igiya ba."

Ranar jarrabawa Baba ya wanke Ɓauna har tayoyi, ya goge tabarau, ya buɗe wa 'yarsa ƙofa. Suka hau hanyar gona. Ya sa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Yaya ta yi minti biyar tana jiran a fara tafiya.

"Baba, nawa muke yi yanzu?"

"Sittin."

Wani dattijo a kan keke, da buhu ɗaure a baya, ya zo daidai tagar Baba, ya yi musu sallama, ya tambayi lafiyar iyali, ya jira aka amsa, sannan ya wuce.

"Baba, keke ya wuce mu."

"Na gani. Mutum da girmansa yana sittin da wani abu a kan keke. In ya faɗi ku zai ba wahala a asibiti."

Ta ciro wayarta ta latsa, ta riƙe ta a gabanta na ɗan lokaci.

"Waya ta ce ashirin da tara."

"Wayar da ko lokacin ruwan sama ba ta iya faɗa daidai? Leƙo ki ga allura da idonki."

"Baba, dubi hanya. Ba sai na leƙa ba."

Da suka dawo gida ya kashe mota, ta juyo ta dube shi, idonta ya kawo ruwa.

"Ba jinkirin ne ya dame ni ba, Baba. Kana kallon talatin kana karanta sittin. In lambar da ke gaban hancinka ta gagare ka, me zan ce da mutumin da zai tsallaka titi?"

Ta miƙo hannu. Alkawari ya riga ya yi, kuma shi ba mutum ne mai cin alkawari ba. Ya kwance makullin daga ƙugunsa ya sa mata a tafi.

Kwana huɗu bai fita ko ƙofar gida ba. Yana zaune a tsakar gida yana kallon Ɓauna, hannunsa yana kai wa ƙugu yana dawowa wayam. Baƙin cikin rabuwa da mota daban, amma abin da ya fi cin sa tsoro ne. Shi dai ya san sittin ya gani. In kuwa abin da ya gani da idonsa ba shi ne a wurin ba, to ba makulli kaɗai ya rasa ba, kuma bai san me zai bi baya ba. Matarsa ta kawo shayi ta ajiye, ya huce, ta ɗauke ta kawo wani. Ko maganar hanya da aka ƙara wa tsawo bai sake yi ba.

A rana ta biyar Yaya ta zo da Sifana ya ɗauke motar ya ajiye a garejinsa, don ta ce zaman kallon nan zai kwantar da tsohon. Baba ya ce ba za a fitar da Ɓauna daga gidansa kamar kayan sata ba, zai raka ta. Ya zauna a kujerar fasinja, wurin da bai taɓa zama ba a cikin motar nan, Yaya ta shiga baya.

Sifana ya hau babban titi ya jera giya har ta huɗu. Iska ta fara kaɗa hular Baba, bishiyoyi suka fara gudu. Ya kasa daurewa, ya miƙa wuya ya leƙa ƙarƙashin rumfar gwangwani, sai ya dafe gaban mota da hannu biyu.

"Sifana, kashe mu za ka yi? Ɗari da ashirin!"

Sifana ya dubi allura, ya dubi hanya, ya sake duban allura.

"Baba, Ɓauna ko daga kan dutse aka jeho ta ba za ta yi ɗari da ashirin ba. Yaya, me wayarki ta ce?"

"Sittin," ta amsa a hankali, ta taso ta leƙa ta kafaɗarsa. Allura tana kan ɗari da ashirin, ko motsi ba ta yi.

Ya gangara gefen titi, ya ɗauki sukundireba ya shige ƙarƙashi. Aka ji ƙwas, aka sake jin ƙwas. Ya fito da maganaɗisu biyu manne a bakin sukundireban, ya tsaya yana kallonsu.

"Biyu na sa, huɗu na tarar."

"Ko haihuwa suka yi?" in ji Yaya, tana kallon mahaifinta.

Baba ya ga wani abu mai ban sha'awa a can saman wata bishiya, ya tsura masa ido.

"Kuma wanda ya ƙara ɗin ya fi ni iya aiki," Sifana ya ci gaba. "Har awo ya yi. Ga guntun zare nan a jiki, shuɗi."

"Zaren Mama ne," ta ce.

"Kai ka ce safaya ne," Baba ya faɗa daga ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa, har yanzu yana kallon bishiya. "Da bakinka ka faɗa."

Sifana ya tuna, ya dafe kai. Yaya kuwa dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan dutsen gefen hanya tana share hawaye da bakin mayafi. Da ta lafa ta tashi ta karɓi makullin daga hannun Sifana ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta.

"Ka yafe ni, Baba. Ashe sittin ɗin ka gani. Idonka ƙalau, hannunka ne ba ya jin magana." Ta kwashe maganaɗisun biyu ta jefa a jakarta ta zuge. "Waɗannan kuma a wurina za su zauna."

Suka sauke Sifana a garejinsa, Baba ya koma kujerarsa da ta lotsa daidai jikinsa, ya ce tunda an fito sai an je gona. Yaya ta dawo gaba tana kiran ƙannenta ɗaya bayan ɗaya tana ba su labari, kowanne sai ta sake sabuwar dariya.

Ya sa ta uku, ya sa ta huɗu, mota ba ta yi kakkarwa ba. Ƙafarsa ta danna har allura ta hau sittin ta zauna. Wannan ce sittin ɗin gaskiya, wadda ya yi shekara hamsin yana yi.

Allon farko na gefen hanya ya zo ya wuce bai karanta ko harafi ɗaya ba. Ya ce ƙila ƙura ce a gilashi. Na biyu ma haka. Makon jiya a wannan wuri har lambar wayar mai sayar da bulo ya karanta, ya ga fuskar mai faci, ya ga kare kwance a gindin tebur. Yanzu komai ya narke ya zama launi. Tafin hannunsa ya jiƙe, kuma sai ya tuna cewa kafin injin ya buga kullum haka yake jiƙewa, har ya riƙa ajiye tsumma a kan cinya, amma mako ukun nan ko sau ɗaya bai nemi tsumman ba. Kafin kwanar gada wata mata ta tsallaka titi da ɗaurin itace a ka. Ta tsallaka lafiya, da sauran tazara, ba ta ko waiwayo ba. Amma shi ya san bai gan ta ba sai da ta riga ta kai ɗaya gefen. Ya san kuma cewa ya daɗe yana tuƙa hanyar nan da hadda, ba da ido ba.

Yaya ba ta lura da komai ba, tana waya tana cewa, "Wallahi har da zaren Mama." Makulli yana hannunsa, jarrabawa ta wuce, ba wanda zai sake tayar da maganar. Da ya yi shiru, shi ke nan.

Ya sa sigina ya gangara gefe ya kashe mota. Ta sauke wayar.

"Lafiya, Baba?"

Ya sauke hannunsa daga kan sitiyari.

"Uwata, wancan sittin ɗin ina ganin komai. Wannan ba na gani."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta dubi makullin da ke jikin mota, ta dube shi, ba ta miƙa hannu ba.

"Akwai matar da ta wuce yanzu," ya ce. "Ke ba ki gan ta ba don kina waya. Ni kuwa hanya nake kallo."

"To ka riƙa yin talatin mana, Baba. Ba wanda zai ce maka komai."

"Ba zan iya ba. Ƙafar nan shekara hamsin tana neman sittin, in ba ta ga allura a wurin ba sai ta danna, ko ina so ko ba na so. Na san halinta." Ya buɗe akwatin gaban mota ya ciro gam. "Ba ni maganaɗisun nan."

"Ai yanzu ka san ƙarya allurar za ta riƙa yi maka."

"Na sani. Ni na sa ta."

Ta riƙe jakar a kan cinya kamar ba za ta buɗe ba. Can ta zuge, ta lalubo su a ƙasan tarkace, sun manne da makullin gidanta, ta ɓamɓaro su ta sa masa a hannu. Ya fita, ya tallafe ƙofa da gwiwa ya rufe, ya shimfiɗa buhu. Shigarsa ƙarƙashin motar ta ɗauki lokaci, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, sannan ya kwanta a hankali yana nishi.

Tabon gam ɗin yana nan a jikin farfela inda Sifana ya ɓamɓare, ba sai an yi awo ba. Ya kai yatsa ya shafa ya ji shi. Amma da ya ɗaga maganaɗisun kusa da tabarau, ya juya shi, ya sake juyawa, ya kasa gane fuskar da take da ɗigon ja. Mako uku da suka wuce a tsakar gidansa, da hasken safiya, ya gani. A inuwar nan bai gani ba.

Sai ya ji motsi a gefensa. Yaya ce ta tattare fararen kayan aikinta ta kwanta a ƙasa, ta jawo jiki ta shigo har kafaɗarta ta taɓa tasa. Tana jan hanci.

"Mura kike yi?"

"Eh, Baba."

Ta karɓi maganaɗisun daga yatsunsa, ta juya shi sau ɗaya, ta mayar masa.

"Ga jan nan, ta wajenka. Sa gam ɗin, zan riƙe maka."